Ƙararrawar da Na Buga Saura Zagaye Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa sa Damagaram ta kafa tarihin duniya a tseren mita dubu da ɗari biyar ba. Har yau in na shiga filin wasa akwai masu ɗaga mini hannu suna kaɗawa kamar mai buga ƙararrawa, ni kuma in yi kamar ban gan su ba.

A lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki a wata kolej a cikin Zinder. A ƙuruciyata na ɗan taɓa tsere (ban taɓa cin komai ba, amma in ina ba ɗalibai labari nakan ce na zo na huɗu, tunda ba a ba na huɗu lambar da za a ce in kawo a gani). A shekarar ne wani tsohon Bature ɗan ƙasar Polan ya sauka a garin. 'Yarsa ce take aiki da wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi, shi kuma ya yi ritaya, matarsa ta rasu, zaman kaɗaici ya ishe shi, sai ya biyo ta. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, muka haƙura muka raɗa masa Baba Polone, ya kuwa amsa.

Ashe mutumin ɗan tsere ne na gaske. Ya yi wajen shekara goma yana gudun mita ɗari takwas da dubu da ɗari biyar, har ya sa rigar ƙasarsu. Da gwiwa ta ci amanarsa sai ya koma alƙalancin tsere, tun daga mai riƙe igiyar awo har ya zama babba a hukumar wasanninsu. Yana yawo da wani tsohon hoto a aljihu: siririn saurayi mai tarin gashi, yana gudu a kan baƙar ƙasa, mutane a gefe sun duƙunƙune cikin manyan riguna. In ka kalli hoton ka kalli mai sanƙon da ke ɗingishi a gabanka, sai ka yi shiru. Wata rana ya leƙo filinmu ya ga yadda muke alƙalanci, mai agogo yana cin gyaɗa, mai tayar da 'yan tsere yana amsa waya, ya dafe kai. Washegari ya ce zai horar da mu mako biyu kyauta.

Mu goma sha ɗaya muka zauna a gabansa. Faransancinsa a kakkarye yake, amma ba wanda bai gane shi ba, don abin da baki ya kasa faɗa hannu yana faɗa. Ya fi nanata mana tseren dubu da ɗari biyar, wanda shi ne nasa. Filin mita ɗari huɗu ne, don haka ana farawa daga can ɗaya ɓangaren. In 'yan tsere suka wuce layin ƙarshe karo na farko, saura zagaye uku. Karo na biyu, saura biyu. Karo na uku, saura ɗaya, a nan ake buga ƙararrawa kowa ya zazzage abin da ya rage masa. Yaro ɗan aji biyu ma zai iya wannan lissafi. A jarrabawar da ya yi mana ni na zo na ɗaya, shi ya sa ranar gasar jiha ya danƙa mini ƙararrawa da kwalaye uku masu lamba uku, biyu, ɗaya.

Daga nan kaina ya fara kumbura. Na koma gida na gaya wa matata Falmata cewa ni ne mataimakin Bature, duk gasar a hannuna take. Ita kuma ta kai wa mahaifinta labari da ƙari.

Surukina, Alhaji Bukar, asalinsu mutanen Barno ne, kakanninsa suka zauna a unguwar Birni, shi kuma fatu yake saye da sayarwa a kasuwa. Mutumin kirki ne, bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma na san abin da ke ransa: ya ɗauki 'yarsa ya ba wani ƙato mai sa gajeren wando yana busa wa yara usur. In yana gabatar da surukansa yakan ce wannan likita ne, wannan yana duwan wajen karɓar harajin kaya, in an zo kaina sai ya ce, “Wannan kuma Malam ne, yana tare da yara.” Abin yana ci mini rai shekara da shekaru. Don haka da ƙafata na je har gida na gayyace shi ya zo ya ga aikina. Ba wanda ya aike ni.

Akwai wani da gasar ta fi muhimmanci gare shi fiye da mu duka. Lawali sunansa, mutumin Hamdara, tsohon ɗalibina ne da ya bar makaranta ya koma gona lokacin da idon mahaifinsa ya tafi. Bai bar gudu ba. A jigawar garinsu yake atisaye, ba mai koya masa, ba takalmin kirki. Mutum biyun da suka zo gaba a tseren nan su za a kai Yamai gasar ƙasa, kuma Lawali sau biyu yana kuskure tafiyar, sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi, sau ɗaya ya zo na uku. Shekaru sun fara ja, yana da mata da 'ya'ya biyu. Da safiyar ranar ya same ni, ya kira ni Mushe yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ya ce, “Mushe, in bana ban je ba, na ajiye. Na gaya wa tsohuwa.” Na dafa kafaɗarsa irin ta manya na ce kada ya damu, tseren yana hannuna.

Bayan la'asar aka jera su, su goma sha biyu. Baba Polone ya ɗingisa zuwa can wajen farawa don ya duba yadda za a tayar da su, ya bar ni a layin ƙarshe da mai agogo, abokina Mushe Sani, da mataimakansa biyu. Aka tashi. Suka zo suka wuce ni karo na farko, na ɗaga lamba uku sama sosai don kowa ya ga wanda ya ɗaga. Lawali yana na uku, yana bin bayan wani soja mai suna Isufu da kowa ke tsoro.

Ina sauke kwali sai na ji ƙamshin turare, na ji an yi gyaran murya a bayana. Na juya. Alhaji Bukar ne cikin babbar riga da dara, ya tsallako igiyar da aka kewaye fili da ita (wa zai hana shi?), ya taho har inda nake don ya nuna mini ya amsa gayyata.

Wanda bai yi surukuta da Barebari ba ba zai gane abin da ya faru da jikina ba. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna da kansu suka zame daga takalmi, gwiwoyina suka kai ƙasa, idona ya koma kan yashi. Kwalayen na jibge su a kan takalman. Ƙararrawar dai tana hannuna, na riƙe harshenta da yatsa don kada ta yi ƙara a gaban babba.

“Wushe, wushe, Malam. Ya aiki?”

“Da godiya, Baba.”

“Ya gajiya? Ya rana? Ya mutanen gidan?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ya mai sunan Hajiya, tarin ya sake ta? Madalla. Ya wajen su tsoho a Takieta? An samu ruwa can?”

Gaisuwar Alhaji ba a katse ta. In ya kai ƙarshe yakan ɗan numfasa ya sake ɗaukowa daga farko, ko da an manta wani. Ina durƙushe ina “lafiya lau”, zuciyata tana can bayana. Can sai na ji dididin ƙafafu sun wuce ta gefena, mutane sun ɗau ihu. Na ce a raina shi ke nan, sun wuce karo na biyu ban ɗaga lamba ba, Allah Ya sa Bature bai gani ba. Ban ɗago na duba ba, don ba a ɗaga ido suruki yana magana. (Daga baya na ji 'yan matan da za su yi tseren gaba ne suke ɗumama jiki a gefen fili, ihun kuma na masu tsallen tsawo ne.)

Da ƙyar Alhaji ya ce, “To Malam, yi aikinka, kada in tsare ka.” Na miƙe zumbur, sai ga 'yan tsere sun karyo kwana sun doso ni. A lissafina karo na uku ke nan. Ga suruki a tsaye yana kallo. Na ɗaga ƙararrawar nan na kaɗa ta da iyakar ƙarfina, na kaɗa har da rangwaɗa, ina kwarara ihu, “Zagayen ƙarshe! Zagayen ƙarshe!”

Lawali ya yarda da ni. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Bai tsaya lissafi ba, Mushe ya buga, shi ke nan. Ya fice daga bayan sojan kamar an harba shi, sauran suka rufa masa baya. Soja Isufu ya waiwayo ya dube ni, ya ɗaga mini yatsu biyu, na ɗauka alamar nasara yake yi, har na ɗaga masa nawa. Can nesa na hango Baba Polone yana ɗingishi da sauri yana kaɗa hularsa sama, jama'a suka ce kai, har Bature ya ji daɗin gudun, suka ƙara ihu.

Lawali ya tsallake layi shi kaɗai, ya faɗi ya yi sujada. Sauran suka zube a bayansa. Sojan ne kawai ya wuce bai tsaya ba, ya ci gaba da zagayawa shi ɗaya, mutane suna masa dariya wai zafin kaye ne.

Mushe Sani ya kalli agogonsa, ya goge shi da riga, ya sake kallo. Minti uku ba su cika ba. Maimakon ya tsaya ya yi tunani sai ya fizge lasifika. “Jama'a! Jama'a! Yau a nan Damagaram an karya tarihin Nijar! An karya na Afirka! Wallahi har na duniya an karya!” Fili ya ruɗe. Aka ɗaga Lawali sama. Makaɗa suka saki kiɗa. Alhaji Bukar ya juyo ya dube ni da wani kallo da na shekara bakwai ina jira, ya ce, “Ashe aikin naka babba ne, Malam.”

A daidai nan Baba Polone ya iso yana haki. Ya karɓi agogon Sani ya duba, ya karɓi na mataimakan biyu ya duba. Ni kuwa na riga na sha jinin jikina, don na ga sojan ya ƙarasa zagayensa ya nufo mu yana huci. Wani daga cikin alƙalai ya ce ai agogunan ne, irin na bakin kasuwa ne. Na ce, “Ƙwarai, ba su da tabbas.” (Allah Ya yafe mini, har da gyaɗa kai.) Tsohon ya juyo gare ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan ƙafafuna. Sai a lokacin na lura ashe ba takalmi nake tsaye. Takalman suna gefe, kwalayen suna kansu, lamba biyu ce a sama, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Ya tambaye ni a hankali, “Sau nawa ka gan su da idonka?”

Na ce, “Na ji wucewarsu.”

“Ka ji.”

“Ina gaida surukina ne.”

Sani bai kashe lasifikar ba. Duk filin ya ji. Sai wata dariya ta tashi daga rumfar manya ta zagaye fili kaf, har masu sayar da ruwan sanyi suna riƙe ciki. Alhaji bai jin Faransanci, ya tambayi na kusa da shi me aka ce, wani ɗan bani-na-iya ya fassara masa dalla-dalla, har da kwaikwayon durƙuson. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Alƙalai suka keɓe suka yanke hukunci: tseren bai cika ba, an soke shi, za a sake gobe Lahadi da ƙarfe bakwai na safe. Na ɗan ji sanyi, na ce to abin ya zo da sauƙi. Sai na ga Lawali ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalminsa yana cusa su a leda.

Na ce, “Lawali, ka yi haƙuri, gobe ne kawai.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Mushe, jiya ruwan shuka ya sauka a Hamdara. Yau ma da ƙyar tsohuwa ta bar ni na taho, a kan in koma da yamma. Ƙasarmu jigawa ce, in gobe ta wuce danshi ya tafi. 'Yan'uwana suna ci-rani, ba mai riƙe sungumi sai ni. Ba komai, haka Allah Ya so.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da ƙararrawa a hannu kamar wani gunki, na san ni na hana bawan Allah nan tafiyar da ya shekara yana gudu a yashi dominta, ba don komai ba sai don in burge mai sayar da fatu.

Baba Polone ya sa aka fassara masa. Ya ja kujera ya zauna kusa da Lawali, ya miƙe gwiwar nan mai ciwo. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne. Yana da shekara goma sha tara aka zaɓe shi zuwa gasa ta farko a babban birni, ranar tafiya ta faɗo daidai lokacin tonon dankali, mahaifinsa ya bi shi har tashar jirgin ƙasa ya sauko da shi da jakarsa. Ya ce ya yi tonon dankalin yana kuka, amma shi ya samu wata shekarar don yaro ne. Ya dubi Lawali ya ce, “Kai ba ka da wata shekarar. Ba wanda zai yi shukar nan a madadinka?”

Kafin kowa ya amsa sai muryar Alhaji Bukar ta fito daga bayana. “Gona ce matsalar? Malam zai je.” Ya gyara babbar rigarsa. “Ni na tsare shi da gaisuwa, shi kuma ya biye mini. Da ina da ƙarfi da tare za mu tafi. Malam, gobe ka yi asubanci.”

Na ce, “To, Baba.” Har na fara zame takalmin da na saka, na tuna, na fasa.

Rabona da sungumi tun ina firamare. Hantsi bai yi ba na isa Hamdara a kan babur, na tarar da mahaifiyar Lawali, Inna Habsu, da matarsa sun riga sun fito da ƙoƙunan iri. Tsohuwar ta dube ni ta dubi farin takalmin wasana, ta ce, “Kai ne mai ƙararrawar?” Ashe labari ya riga ni zuwa. Aka miƙo mini sungumi, ni a gaba ina sara, su a baya suna zuba hatsi suna rufewa da diddige. Layi ɗaya na yi tafin hannuna ya fara ƙuna. Inna Habsu tana bayana tana mita: “Malam, ramin ya yi zurfi, rijiya kake haƙa? Malam, ka karkace, wannan gonar maƙwabci ka nufa.” Ni da nake sa yara zagaye fili sau goma ina zaune a inuwa, ga ni wata tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya tana taka mini diddige.

Amma ba hannun ne ya dame ni ba. Ƙarfe bakwai ta wuce, bakwai da rabi ta wuce, waya shiru. Na san Lawali ya zazzage ƙarfinsa jiya saboda ni, sojan kuwa da saura a jikinsa, ga wasu matasa biyu daga Gouna da ba su kai shi shekaru ba. In ya zo na uku fa? Da wane ido zan dubi matar Lawali da ke bayana, wadda tun safe duk bayan ɗan lokaci sai ta saci kallon aljihun da wayata take?

Wajen ƙarfe takwas wayar ta yi ƙara ta katse. Na yar da sungumi na ruga kan wani tudu inda ake samun layi. Sani ne, yana ihu ba a jin abin da yake faɗa. Na ce ya yi wa Allah ya yi magana a hankali. Ya ce Baba Polone da kansa ya riƙe ƙararrawa, ya sa aka tsayar da ɗan sanda a bayansa don kada kowa ya zo gaisuwa. Soja ya zo na ɗaya. Na ce na biyu fa? Ya ce wani ɗan Gouna ya sha gaban Lawali a kwanar ƙarshe. Na ce Sani, na biyu fa? Ya ce Lawali ya kamo shi a kan layi, ya riga shi da ƙirji, ƙirji kawai, sai da alƙalai uku suka haɗa baki. Za shi Yamai.

Na zauna daɓas a cikin yashi, hawaye suka zubo mini, ƙato da ni. Matan suka taho da gudu, sun ɗauka rasuwa aka yi. Da na iya magana na ce, “Ya ci, za shi Yamai.” Matarsa ta juya baya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Inna Habsu ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta ƙara cewa, “Alhamdu lillahi.” Sannan ta ɗauko sungumin ta miƙo mini. “To tashi, Malam, rana tana shanye mana danshi.”

Sai bayan la'asar muka gama. Kwana huɗu ban iya riƙe alli ba, cokali ma Falmata ce take dariya tana miƙo mini. Lawali ya je Yamai ya dawo, bai ci lamba ba, amma ya kai tseren ƙarshe, ya ga kogi, ya zo da hoto sanye da rigar jiha wanda har yanzu yake rataye a ɗakin tsohuwarsa. Da kaka ya aiko mini da damin hatsi, tare da saƙon cewa ɓangaren da na sara ana gane shi tun daga hanya, don layukan sun yi ta yawo kamar sawun maciji.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tseren dubu da ɗari biyar minti huɗu ne da 'yan kai, kuma ba surukin da ya taɓa raba aure don an jinkirta masa gaisuwa minti huɗu. In aka ba ka amanar gumin wani, ka tsaya da ƙafafunka cikin takalmi ka zuba ido, ko wa ya yi gyaran murya a bayanka. In kuma ka ga ba za ka iya ba, to ka koyi riƙon sungumi tun da wuri.